Shirun da Na Yi wa Farfesa Mai Lofe

Zangona na farko a Landan ɗaki ne a bene na uku, a gidan wani mutum da ban ga amfanin kiran sunansa yanzu ba. Tun ina gida aka aiko mini da hoton ɗakin, da taga babba da labule da murhu. Da na iso sai na tarar hoton ɗakin ƙasa ne, inda shi maigidan yake kwana. Nawa kuwa, in na miƙe tsaye a gefen gado sai rufi ya gaishe ni a ƙeya. Na sauka na yi masa magana, ya dube ni ya ce, ku 'yan Najeriya da yanzu kuke wanka da man fetur, ɗaki ne zai dame ka? Lokacin ne mai ya yi tsada a duniya, kowa a Landan ya ɗauka duk wanda ya sa babbar riga yana da rijiyar mai a tsakar gidansu. Ni kuwa malami ne a makarantar horon malamai, jiharmu ta turo ni in ƙaro karatu a kan hulɗar ƙasa da ƙasa, akwatina ɗaya da buhun garin tuwo.

Abin dariyar shi ne, a wannan hunturun Landan ɗin ma ɗauke wuta ake yi. Na baro garin da ba lantarki na zo ƙasar Sarauniya ina karatu da kyandir. Sanyin bai dame ni kamar shirun mutane ba. Makon farko duk wanda muka haɗu a matakala sai na gaishe shi, in tambayi iyali, su kuwa sai su raɓe jikin bango kamar na zo da cuta. Na taɓa yin kwana tara ban yi magana da kowa ba sai kwandastan bas. Ran Juma'a nakan tafi Regent's Park, inda ake ta aikin sabon masallaci, muna sallah a wani tsohon gida da ke wurin. A can nake jin Hausa, amma Hausar masu sauri ce, ma'aikatan gwamnati da suka zo kwas na wata uku. Kafin ka gama tambayar mutum gida ya ce maka, "Malam yi haƙuri, na yi booking ɗin jirgi, gobe zan tashi, ga sayayyar Hajiya ban gama ba." Sai in koma ɗakina da kewar da ta fi wadda na fito da ita.

Abin da ya riƙe ni shi ne wasiƙun ƙanwata Ladidi, shuɗiyar takarda duk bayan mako biyu. Mahaifiyarmu ta rasu a wajen haihuwar autanmu, jini ya ɓalle mata, ungozomar unguwa ta yi iya yinta har ta ƙare da salati. Ladidi tana da shekara goma sha ɗaya, ita ce ta riƙe fitila. Tun daga ranar ba ta da wata magana sai ta koyon karɓar haihuwa. Allah da ikonsa aka buɗe makarantar ungozomomi a garinmu, karatun shekara uku, da kuɗin gwamnatin Amurka da malaman jinya biyu Amurkawa. Lokacin da na zo Landan tana shekara ta biyu. Kowace wasiƙa sai ta ba ni labarin abin da suka koya, har da zane, ni ina karantawa ina kau da kai. A wata ta rubuta mini cewa darasin tsayar da jini bayan haihuwa a zangon ƙarshe na shekara ta uku yake, ta leƙa littafin malamarsu ta gani. Ta ce, "Yaya, ranar da aka koya mana wannan zan yi azumi."

A kwalejinmu akwai mai gadin ƙofa, Baba Yohanna, mutumin tsaunukan Filato, tsohon soja da ya zauna a Ingila tun ina yaro. Wata uku ina wuce shi ina ɗauka mutumin Jamaika ne, sai ran nan na yi tuntuɓe a bakin ƙofa na ce subhanallahi, ya ce, "Sannu ɗana, bi a hankali, matakalar nan ta kayar da manya." Na tsaya ina kallonsa, idona ya kawo ruwa. Daga ranar nake cin abincin rana a ɗan ɗakinsa na gadi, shi ya yi addu'arsa ni in yi bismilla, mu sa hannu a kwano ɗaya.

Mutum na biyu da ya yi mini Hausa a kwalejin Bature ne. Farfesa ne daga Amurka da ya zo koyarwa na wata shida, dogo, furfura ta gama da kansa, kullum da lofe a baki ko da ba wuta a ciki. Baba Yohanna ne ya sa masa Mai Lofe. Ya taɓa zama a ƙasar Kano shekara biyu yana bincike, ya rubuta littafi a kanmu. Ran da ya gan ni da hula a ɗakin karatu sai ya taso ya ce, "Malam, ina gajiya? Ina labari?" Na ce sai alheri, ranka ya daɗe. Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da cinikin kasuwa ba, amma a kunnena ranar ta fi kiɗa daɗi. Ya gan ni da 'yar rigar sanyi sai ya kawo mini kwat ɗinsa mai kauri, ya ce ta yi masa kaɗan, alhali ni sai da na naɗe hannun sau biyu. Na gayyace shi ɗakina, ya hau benen nan uku yana haki, ya sunkuya a ƙarƙashin rufi ya ci tuwona da miyar kuka har ya nemi ƙari. Sa'an mahaifina ne. A raina na ba shi matsayin uba, ban kuma tambaye shi ko yana so ba.

Sai a hankali na gane abin da ya kawo shi da abin da ake ta ja-in-ja a kai. Ba a daɗe da yin yaƙi tsakanin Isra'ila da maƙwabtanta Larabawa ba, kuma gwamnatocin Afirka da yawa, har da tamu, sun yanke hulɗa da Isra'ila. A Amurka an ji haushin abin, ana ta tambayar me za a yi da waɗannan ƙasashe. Ni a da na ɗauka irin wannan shawara tsakanin sarakuna da sojoji ake yanke ta. Ashe 'yan majalisar can sukan kira malaman jami'a su zauna a gabansu su yi bayani, kuma abin da malamai suka yi ta gardama a kai a ƙananan ɗakuna shi ne suke ɗauka su tafi da shi. Mai Lofe yana cikin waɗanda ake kira. Ra'ayinsa shi ne, duk ƙasar da ta juya wa Isra'ila baya a janye mata taimako ta ji a jikinta. Kuma ya ce ba zaluntar talaka za a yi ba, domin a Arewacin Najeriya, inda ya sani, talakawa da kansu ne suka matsa wa shugabanni, sun tsani Isra'ila da duk abokanta, ba sa ma son kuɗin Amurka.

Mai ja da shi wata malama ce 'yar Isra'ila, Dakta Rut, gajeruwa mai saurin magana, wadda ta taɓa aiki a Gabashin Afirka. Ita ma ta ji zafin yanke hulɗar, ba ta ɓoye ba. Amma ta ce gwamnatoci ne suka yi lissafinsu, ba wanda ya tambayi manomi, kuma in aka rufe asibiti don a rama wa ƙasarta, to ƙasarta aka ja wa ƙiyayyar da ba ta nan a da.

Aka sa ranar muhawara, wata Laraba da la'asar, a ɗakin da bai fi cin mutum arba'in ba. A baya akwai Amurkawa biyu da ba ɗalibai ba ne, suna ta rubutu, daga baya na ji daga ofishin jakadancinsu suke. Ni kaɗai ne mutumin Arewa a ɗakin, na zauna a layi na uku cikin kwat ɗin Farfesa. Ina saurare ina jin abin yana yi mini ciwo, domin na san maganarsa ba haka take ba. A garinmu in ka ce Isra'ila, abin da zai zo wa mutum a rai Bani Isra'ila ne na wajen tafsiri, da Annabi Musa da Fir'auna. Masu sauraron rediyo suna tausayin waɗanda aka raba da gidajensu, ni ma haka, har gobe. Amma ban taɓa ganin wanda ya ƙi kai matarsa wajen malaman jinyar nan don daga Amurka suke ba. Kaji da ƙwai ma ake kai musu.

Dakta Rut ta matsa masa ta ce, wa ya gaya maka? Sai ya cire lofen, ya juyo ya nuna ni da shi yana murmushi.

"Ba sai mun je da nisa ba. Ga Malam Isyaku, ɗan ƙasar ne, malami ne, daga can ya zo. Malam, ko na faɗi ba daidai ba?"

Ɗakin duka ya juyo. Na san amsar, tana bakina. Amma tun da aka haife ni ban taɓa ganin yaro ya ce wa dattijo ka yi kuskure a gaban taro ba, balle malaminsa, balle wanda ya ci tuwonsa, balle kana sanye da rigarsa. A gidanmu in babba ya yi kure a cikin jama'a, sunkuyar da kai ake yi a bar maganar ta wuce, daga baya a nemi sa'ansa ya same shi a keɓe ya gyara masa, mutuncin kowa ya tsira. Duk wanda ya tashi a wajenmu in ya ga yaro ya sunkuya haka ya san akwai magana. To haka na yi. Na sunkuyar da kai na dubi takalmina.

Farfesa ya ce, "Kun gani." Mutanen bayan nan biyu suka rubuta.

Washegari da sassafe na tafi wajen Baba Yohanna. Na ce, "Baba, ina da aike. Kai ne sa'ansa. Ka same shi ka ce yaron nan yana gaisuwa, ya ce maganar jiya akwai gyara."

Baba ya ajiye kofin shayinsa ya dube ni. "Ɗana, nan Landan ne fa. A nan mai gadi ba ya kai wa Farfesa gyara, sai dai ya kai masa parcel daga gidan waya. Me ya hana ka faɗa jiya?"

"Baba, a gaban mutane?"

Ya girgiza kai ya ce ya gane, shi ma da haka ya zo. Duk da haka ya gyara hularsa ta aiki ya hau sama. Bai daɗe ba ya sauko. Sakatariya ta ce an kira Farfesa gida da gaggawa, an soke sauran darussansa, tun asuba ya tafi filin jirgi.

Na rubuta masa wasiƙa. Yanzu in na tuna ta sai dariya da takaici su kama ni tare. Shafi uku ce. Shafin farko gaisuwa da tambayar iyali, na biyu godiyar kwat da yabon littafinsa, sai a ƙarshen na uku na ce watakila, in ya sami sarari, akwai wasu 'yan ƙananan abubuwa da ƙaramin ɗalibi zai so a sake dubawa. Bayan wata guda amsa ta zo, layi huɗu daga sakatariyarsa, Farfesa ya gode da kyawawan kalamaina.

Zango na gaba Croydon ne, babban ofishin da baƙi suke zuwa sabunta izinin zama. Ana zuwa da sassafe a bi layi a waje, ruwa yana sauka, kowa rungume da takardunsa. Na tafi da sabuwar mujallar malamai da na aro don in rage zaman jira. A kan bencin nan, tsakanin wata tsohuwa 'yar Indiya da wani ɗan Gana, na buɗe na ga takardar Mai Lofe, an rubuta a sama cewa ita ce ya gabatar wa wani kwamitin majalisarsu. A ƙasan shafi na tara, da ƙananan haruffa, ya ce wani malami ɗan Arewacin Najeriya ya tabbatar da wannan bayani a bainar jama'a a Landan. Bai sa sunana ba. A shafi na goma sha ɗaya ya kawo misalin irin ayyukan da za a iya janyewa ba tare da kowa ya yi kuka ba, ciki har da ƙananan makarantun kiwon lafiya na karkara. Sai da ɗan Ganan ya taɓa ni ya ce, "Aboki, lambanka ne ana kira," sannan na san inda nake.

Na ji tsoro ranar, tsoron da ban ji ba ko a ranar da na sauka ƙasar. Na dawo ban ci abinci ba. Wasiƙar Ladidi ta wannan makon tana cewa sun shiga shekara ta uku, an ba su fararen riguna, ta karɓi haihuwa biyu da hannunta malama tana tsaye. Na rasa abin da zan rubuta mata, sai na ba ta labarin tantabarun wani dandali na Landan.

Dakta Rut ce ta tare ni a matakala bayan kwana biyu, da mujallar a hannu. Ba gaisuwa ba komai ta ce, "Kai ne na shafi na tara. Ka yarda da abin da ya faɗa?"

Na ce a'a.

"To me ya sa ka yi shiru?"

Na yi mata bayanin dattijo da taro da tuwo da kwat. Na zaci za ta yi dariya. Sai ta ja ni ofishinta ta dafa shayi, ta yanka mini wani burodi mai zaƙi da ta ce na ranar hutunsu ne. Ta ce a gidansu yaron da bai ja da malaminsa ba ana ɗauka bai ji karatun ba ne. Na ce a gidanmu wanda ya ja, ana ɗauka bai ji tarbiyya ba. Muka ci gaba da shan shayi. Daga nan nakan je wurinta duk Talata. Mun yi gardama sosai a kan ƙasarta da mutanen da aka kora, ba ta sauko ba ban sauko ba, wata rana har na fita ban yi sallama ba. Amma a wurinta na koyi cewa ana iya ce wa mutum ba haka ba ne a idonsa, gobe kuma a sha shayi tare. Ita ce ta sa na rubuta takarda a kan abin da mutanen garinmu suka sani da wanda ba su sani ba, ta dinga soke mini duk inda na sa watakila.

Shekara ta kusa zagayowa aka ce Mai Lofe zai dawo wani babban taro a wani otal kusa da Charing Cross, unguwar ofisoshin jakadanci. Dakta Rut ta sa sunana cikin masu tambaya. Ran taron na tsaya gaban ƙusar da nake rataye kaya ina shawara, in sa kwat ɗinsa ko in bar ta. Ba ni da wata, ga sanyi, sai na sa. Baba Yohanna ya ɗauki hutun rabin yini ya raka ni har ƙofar otal ɗin. Ya ce, "Ka ɗauka ba uban kowa ba ne. In ka ga za ka sunkuya, ka dubi fitilar sama."

Mutum ya fi ɗari biyu a zauren. Farfesa ya maimaita maganarsa, har ya fi bara ƙarfin gwiwa, domin yanzu ana jin ta a inda ake yanke hukunci. Da aka kira ni na miƙe. Ya hango ni ya ɗaga lofe da murna. Na dubi fitilar sama.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ne malamin da ka ambata a shafi na tara. Ban tabbatar da komai ba. Shiru na yi, domin a wajenmu ba a ƙaryata babba a cikin taro. Abin da ka faɗa a kan mutanenmu ba haka yake ba."

Na ba su labarin kaji da ƙwai, da Bani Isra'ila na tafsiri, da fitilar da Ladidi ta riƙe. Da na zauna ji na yi kamar na zagi mahaifina a kasuwa, na kasa ɗaga ido.

Abin da ya biyo baya shi ne har yau ban gama haɗiyewa ba. Bai yi fushi ba, ko kaɗan. Ya ce wannan gyara ne mai amfani, ya gode, ya rubuta wani abu a takardarsa, aka wuce tambaya ta gaba. Da aka tashi shan shayi ya ratso mutane ya kama hannuna da hannu biyu.

"Malam Isyaku, me ya sa ba ka faɗa mini tun bara ba? Ai don haka na tambaye ka."

Na ce, "Ranka ya daɗe, na ji nauyinka ne."

Ya juya lofen a hannu. Can ya ce, a hankali, "Shekara biyu na yi a ƙasarku. Duk zauren da na shiga na faɗi abin da nake zato, ba wanda ya taɓa ce mini a'a."

Na ce, "Baƙo ne kai, kuma babba."

Na ga fuskarsa ta canza, na san yana tuna littafinsa ne shafi bayan shafi. Ya ce zai gyara a bugu na gaba, zai kuma rubuta wa mutanen kwamitin. Na gaskata shi, kuma daga baya na ga ya yi. Mutumin kirki ne. Mutuncin da na ɓata shekara guda ina karewa, ashe shi bai ma san yana cikin haɗari ba.

Na fito ina jin kaina sakayau, karon farko tun zuwana. Na taka da ƙafa har bakin kogi, na saya wa Baba Yohanna gasasshiyar gyaɗa, na hau bas ina gaida kwandasta har da tambayar iyali. Da na hau benen nan uku na tura ƙofa sai na ga shuɗiyar takarda a ƙasa.

Ladidi ta ce an rufe makarantar mako uku da suka wuce. Takarda ce ta zo daga Amurka, malaman jinyar suka karanta musu suna kuka, suka raba musu littattafai da almakashi suka tafi. An ce hukumomin gida za su karɓi makarantar, tunda yanzu ƙasa tana da kuɗin mai, amma har yanzu ba wanda ya zo, an fara ajiye takin zamani a ajinsu. Saura zango ɗaya su gama. A ƙarshe ta ce, "Yaya, kai da kake karatun waɗannan abubuwa, don Allah me muka yi musu?"

Na kai wa Dakta Rut wasiƙar. Ta ce kada in ɗora wa kaina, dalilai sun fi goma, da kuɗin mai, da siyasar majalisarsu, da malamai da yawa ban da Mai Lofe, layi ɗaya a ƙasan shafi ba ya rufe makaranta. Na san gaskiya ta faɗa. Amma na san kuma mutanen nan biyu na bayan ɗaki sun rubuta wani abu a daidai lokacin da na sunkuya, ban kuma taɓa sanin inda takardarsu ta je ba. Sauran watannina a Landan na yi su ne a ɗakin karatu da ɗakin gadin Baba, na gama na tattara. Kwat ɗin na bar wa Baba Yohanna, ta yi masa daidai.

Ladidi ba ta sami takardar shaida ba. Ta yi aure, ta ci gaba da karɓar haihuwa a unguwa da abin da ta koya, rabin matasan garinmu a hannunta suka faɗo. Na yi shekara ashirin ban ba ta amsar tambayarta ba. Sai wata rana da hantsi, muna zaune a tsakar gidanta tana tsince shinkafa, na gaya mata komai, tun daga tuwon har shafi na tara. Ba ta daina tsintar ba har na gama. Ta ce, "Yaya, da ni ce a wurin, ni ma sunkuyawa zan yi. Haka aka koya mana."

Ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da littafinta na makaranta, an naɗe shi a tsohon ɗankwali. Ta buɗe mini wajen ƙarshe. A saman wani shafi ta rubuta kan darasin tun kafin a zo wurin, da rubutunta mai kyau na 'yan mata, har ta ja layi a ƙasa da jan biro: tsayar da jini bayan haihuwa. Ƙasansa ba komai.

Ta ce, "Mata huɗu na rasa ta wannan hanyar. Ina sane da sunayensu." Sannan ta naɗe littafin ta tambaye ni ko zan tsaya cin abinci.